Fitilar da ba ta mutuwa: tsohuwar da'awa daga Bagadaza zuwa Wudil

1/
Yau zaren yana da ɗan tsawo, ku nemi wuri ku zauna. 🧵

Akwai bidiyon da ke yawo a WhatsApp da TikTok: ƙwayar LED, kafasita ɗaya, wayoyi biyu, sai ka ji an ce "kwana uku ke nan tana ci, ba batir, ba NEPA, ba sola." Wasu su ce ƙarya ce, wasu su ce Turawa ne ke ɓoye mana ilimin. Duk cikinsu ba wanda ya zauna ya yi lissafi.

2/
Ga abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi. A Oktoban 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, muka yi sama da mako guda cikin duhu. A nan Wudil cajin waya sai ka bi layi a shagon mai janareta, fetur kuwa kun san inda ya kai tun bayan cire tallafi a Mayun 2023. A wannan makon ƙanena ya zo min da irin wannan bidiyo.

3/
Ya ce, "Yaya, mutumin ya ce in tura masa kuɗi ya turo min zanen haɗin da kayan. In na iya, sai in riƙa haɗawa ina kaiwa kasuwa ranar Juma'a."

Kuɗin da yake tarawa na rajistar jarrabawa ne. Na ce ya ba ni kwana uku kafin ya tura ko sisi. Abin da na nuna masa shi zan nuna muku, amma bari mu faro daga gida.

4/
Kakanninmu da fitilar man gyaɗa da lagwanin auduga suka tashi. Almajirai kuwa wutar kara suke zagayewa su yi karatun dare, shi ya sa kowa ke zuwa da nasa karan. Daga baya kananzir ya shigo, aka samu aci-bal-bal ta gwangwani da fitilar ƙwai. An kafa NEPA a 1972, amma gidaje da yawa sun daɗe bayan haka ba su ga waya a bangonsu ba.

5/
Kakata ta san kwalbar kananzir dare nawa take yi mata, ba ta kuskure. In ta ga fitila na ci da ƙarfi sai ta ce, "Kai, rage lagwanin nan, karatu kake yi?" In an rage, man ya daɗe, amma ko zare ba za ka iya zurawa a allura ba.

Ku riƙe wannan maganar ta kaka. Duk kimiyyar da za mu yi a zaren nan a cikinta take.

6/
Ku da kuka yi wayo a shekarun 2000 kun tuna fitilar da aka laƙaba wa "Obasanjo ya kasa"? Tsohon faifan CD, ƙwayoyin LED, ɗan katako, manyan batura. Matasanmu ne ke haɗa ta su sayar, ta kuma haska wa masu shayi da masu tsire dare mai yawa. Ƙirƙira ce ta gaskiya, batirinta a fili yake, in ya ƙare ka sayi wani.

7/
To mafarkin fitilar da man ta ba ya ƙarewa fa, ya girmi Najeriya nesa ba kusa ba. Mu je Bagadaza, wajen shekara ta 850 Miladiyya. 'Yan uwa uku, Muhammad da Ahmad da Hasan, waɗanda ake kira Banu Musa, suka rubuta Kitabul Hiyal, littafin dabaru mai na'urori kusan ɗari. Cikinsu akwai fitilar da ke turo lagwaninta da kanta, ta kuma ƙara wa kanta mai.

8/
Mai kallo zai rantse man ba ya raguwa. Sirrin shi ne akwai tankin mai a jikinta inda ido ba ya gani, yana zubowa kaɗan-kaɗan in na cikin fitilar ya yi ƙasa. Abin da ya burge ni da su: sun zana tankin a littafin, sun yi bayanin yadda yake aiki. Ba su taɓa cewa fitilarsu na ƙirƙirar mai ba.

9/
Wasu kuma sun yi imani da gaske za a iya. A Indiya wajen 1150 masanin lissafi Bhaskara ya siffanta wata ƙafa mai bututu ɗauke da zaiba, wai za ta yi ta juyawa ba tsayawa. A ƙarni na 13 wani Bafaranshe, Villard de Honnecourt, ya zana tasa mai gudumomi. Duk wanda ya ƙera irinsu ya tura, ta ɗan juya ta tsaya.

10/
Abin ya yi yawa har a 1775 majalisar masana kimiyya ta Faransa da ke Paris ta yanke cewa ta daina duba duk wani injin da aka ce yana aiki har abada ba tare da an ba shi komai ba. Sun gaji da ɓata lokaci. Ku lura da shekarar: sama da shekara ɗari kafin a kunna wutar lantarki ta farko a Legas a 1896.

11/
Yanzu ita kafasitar kanta, daga ina ta fito? Daga kwalba, wallahi. A Oktoban 1745 wani Bajamushe, Ewald von Kleist, ya zura ƙusa cikin kwalba, ya tara mata lantarki, da ya taɓa ƙusar ta fizge shi. A 1746 Pieter van Musschenbroek na garin Leiden a Holan ya sha irin wannan fizgar, har ya rubuta wa abokinsa cewa ko ƙasar Faransa za a ba shi ba zai sake ba.

12/
Kwalbar Leiden ita ce kakar duk wata kafasita ta yau, har da ta cikin fankar ɗakinku. Ginin ɗaya ne: faranti biyu masu ɗaukar lantarki, da wani abu a tsakani da ya hana su haɗuwa. Ka zuba mata lantarki ta riƙe, ka buɗe mata hanya ta sake shi.

A takaice, kafasita randa ce. Rijiya na tsatso ruwa daga ƙasa, randa kuwa abin da ka zuba shi za ka ɗiba.

13/
Har tsatstsafo tana yi kamar randa. Ka cika kafasita ka ajiye ba ka haɗa ta da komai ba, a hankali cajin zai riƙa zurarewa. Duk wanda ya ce maka tasa tana ƙara cika da kanta, ka tambaye shi wa ke ɗebo mata ruwan.

14/
Da mafarkin ya ƙi tabbata, sai 'yan damfara suka shigo. A 1812 a Philadelphia ta Amurka, Charles Redheffer ya kafa injin da ya ce ba ya tsayawa, mutane na biyan kuɗi su kalla. Masu bincike suka lura haƙoran giyarsa sun cinye ta ɓangaren da bai kamata ba, alamar wani abu ne ke tura injin. Ya tattara ya koma New York.

15/
A can a 1813 injiniya Robert Fulton ya je kallo. Kunne kawai ya sa: ya ji juyin na sauri yana lafawa, kamar na hannun mutum. Ya ɓalle wasu katakai a jikin bango, sai ga siririyar igiya. Aka bi ta har wani ɗaki a sama, aka tarar da wani tsoho yana juya ƙarfe da hannu ɗaya, yana cin burodi da ɗayan. 😂 Jama'a suka farfasa injin.

16/
John Keely, shi ma a Philadelphia, ya fi shi daɗewa. Daga 1872 yake karɓar kuɗin masu zuba jari da sunan ya gano wani sabon ƙarfi a sararin iska. Shekara 26 yana "an kusa kammalawa." Bayan ya mutu a 1898 aka bincika ɗakin aikinsa, aka samu ƙatuwar tukunyar ƙarfe a ƙarƙashin daɓe da siraran bututu a ɓoye. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

17/
A tsakanin waɗannan biyun ne kimiyya ta kammala amsar. James Joule a Ingila ya shafe shekarun 1840 yana auna yadda motsi ke komawa zafi, Hermann von Helmholtz kuma a 1847 ya rubuta dokar a fili: makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba ya ɓacewa, sauya kama kawai yake yi. Da sunan Joule ake auna makamashi yau. Za mu kira ma'aunin "jul."

18/
Amma kada ku ce duk abin da ya daɗe yana aiki ƙarya ne. A jami'ar Oxford akwai wata ƙararrawa da aka kafa a 1840, har yau ɗan ƙarfen cikinta na kaɗawa tsakanin ƙararrawa biyu, da batirin nan na farko. Sama da shekara 180. An taɓa samun ta ɗan tsaya saboda raɓa, amma ba a taɓa canza mata batir ba.

19/
Yaya aka yi? Abin da take ci a kowane bugu ɗan mitsitsi ne ƙwarai, sautin ma da kyar ake ji ta cikin gilashin da ya rufe ta. Kuma ba masanin da ke cewa ba za ta tsaya ba, jira ake a ga ranar. Wato an rage lagwani ne har ƙarshe. Kaka ta riga ta faɗa.

20/
Sai LED. A 1907 H. J. Round a Ingila ya ga wani dutse na fitar da ɗan haske in an sa masa lantarki. Ɗan Rasha Oleg Losev ya zurfafa bincike a shekarun 1920. A 1962 Nick Holonyak na kamfanin General Electric ya yi mai jan haske. Shekaru da dama aikinta bai wuce ɗan jan ɗigon da ke nuna rediyo a kunne take ba.

21/
Mai shuɗin haske ce ta gagara, kuma sai da ita ake samun fari. Japanawa uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka warware ta, mai ƙarfin ta fito daga kamfanin Nichia a 1993. A 2014 aka ba su kyautar Nobel, kwamitin har ya ambaci mutum sama da biliyan 1.5 da ba su da wutar gwamnati. Mu ke nan. Ba don aikinsu ba, da ba a yi "Obasanjo ya kasa" ba.

22/
Abin da ya bambanta LED da tsohon ƙwan fitila: shi tsohon sai zaren cikinsa ya yi zafi jawur kafin ya ba da haske, in wutar ta yi kaɗan ba ka ganin komai. LED kuwa ko ɗigon wuta ka ba ta za ta ɗan yi ƙyalli. Wannan halin nata shi ne jarin masu bidiyon nan.

23/
Ita ma kafasita ta girma. A 1957 wani injiniyan General Electric, H. Becker, ya yi rajistar wata mai amfani da gawayi mai ƙananan ramuka, a 1978 kamfanin NEC na Japan ya fara sayar da irinta don riƙe ƙwaƙwalwar na'urori in an ɗauke wuta. Ita ake kira sufa-kafasita. Tana riƙe caji ninkin ta cikin rediyo sau dubbai. Amma dai randa ce, babba kawai.

24/
Akwai kuma wani ɗan haɗi da aka buga a wata mujallar lantarki ta Ingila a Nuwamban 1999, daga baya aka sa masa suna "ɓarawon jul": taransista ɗaya, resista ɗaya, da waya naɗe a zobe. Yana kunna farar LED da batirin da rediyo ta ce ya mutu. Gaskiya ne yana aiki. Kankare ƙanzon tukunya yake yi, in ƙanzon ya ƙare shi ma ya tsaya.

25/
To mu yi lissafi, kada kowa ya gudu, mai sauƙi ne.

Girman kafasita ana auna shi da farad. Makamashin da ke ciki = rabi × farad × bolt × bolt.

Sufa-kafasita mai farad 1 da aka cika zuwa bolt 5:
½ × 1 × 5 × 5 = jul 12.5

Abin da ke cikin randar ke nan. Ko wane irin haɗi aka yi mata, ba za a ɗebi jul 13 ba.

26/
Ƙaramar farar LED a cikakken haskenta tana cin kusan miliamfiya 20 a bolt 3, wato jul 0.06 duk daƙiƙa.

12.5 ÷ 0.06 = daƙiƙa 208, kusan minti uku da rabi.

Kuma ba duka za ta iya sha ba, don in kafasitar ta sauka ƙasa da kusan bolt 2.5 farar LED ta daina ja. A aikace haske mai kyau na kusan minti biyu za ka samu.

27/
Yanzu mu rage lagwani. Mu sa babbar resista, wadda ke matse hanyar wuta kamar ka murɗe famfo sai ɗigo. Mu bar LED ta ci maikuro-amfiya 10 kacal, kashi ɗaya cikin 2,000 na abincinta. Minti biyun nan sai ya koma kusan awa 69.

Kwana uku ba kaɗan. Kun gani? Mai bidiyon zai iya rantsuwa kwana uku tana ci, kuma bai yi ƙarya ba.

28/
Inda ƙaryar take shi ne a kalmar "fitila." Hasken maikuro-amfiya 10 ɗigo ne da za ka hango a ɗaki mai duhu, ba ya haska littafi, ba ya haska kwanon tuwo. Amma kamarar waya da kanta take ƙara hasken hoto in ta ga duhu, sai ɗigon ya fito fes a bidiyo. Idonka ma in ya yi minti 20 a duhu yana ƙara gani sosai.

29/
Wata dabarar kuma ita ce ƙyaftawa. LED ta kunna na ɗan ƙanƙanin lokaci, ta mutu na dogon lokaci. In ƙyaftawar na da sauri sosai ido zai ga kamar a kunne take ɗif, alhali yawancin lokacin a kashe take. Dabara ce mai kyau, injiniyoyi na amfani da ita kullum don tsimin batir. Tsimi ne dai, randar ba ta ƙaru ba.

30/
Don ku ga ƙanƙantar jul 12.5:

Batir AA mai kyau: kusan jul 10,000, wato irin wannan kafasita 800.
Batirin waya mai 5000mAh: kusan jul 70,000.
Ƙwan LED mai wat 5 ya kwana awa 10: jul 180,000, wato kafasita 14,400.

Sufa-kafasita mai farad 3,000, mai girman gwangwanin lemo, abin da take riƙewa bai wuce na batir AA ɗaya da ɗan ɗori ba.

31/
Ta fanka kuwa, wadda wasu ke cirowa su yi bidiyo da ita, kusan maikuro-farad 2.5 ce. Ko a bolt 300 ka cika ta, jul ɗinta bai kai ɗaya bisa biyar ba. Aikinta taimaka wa fanka ta juya, shi ya sa in ta lalace fankar ke rarrafe. Ba a yi ta don ajiya ba sam.

32/
To in ka ga bidiyon da ƙwan ke haska ɗaki tar na awanni fa? Nan kuma tsohon Redheffer ne ya dawo, yana sama yana cin burodinsa. Kun san ƙwan nan na caji da ke ci gaba da haske in an ɗauke wuta? Batir ne a cikinsa. An yi shi ya kunna da zarar wani abu ya haɗa ƙarafa biyun gindinsa: cokali, ruwa, ko yatsunka masu gumi.

33/
Don haka a ɗaura masa kafasita, ko maganaɗisu, ko filogin babur, ko dankali, zai kama. Waya ce kawai ta haɗa gindin, sauran duk ado ne. Ana sayar da ƙwan nan a kasuwanninmu, kowa zai iya gwadawa da cokali a gida. Wasu kuma ƙaramin batir mai kamar maɓalli suke cusawa cikin gwangwanin kafasitar da suka ƙwaƙule.

34/
Akwai kuma wanda ba damfara a ciki, ruɗewa ce kawai. Ka kashe makunni amma ƙwan LED ya ci gaba da ɗan haske dishi-dishi duk dare. Ba aljanu ba ne. 😅 Ko dai makunnin mai ɗan haske ne a jiki, ko an ɗora shi a kan wayar da ba ta wuta ba, sai 'yar wuta ta riƙa silalowa tana cika kafasitar cikin ƙwan. Daga layi take zuwa, mita na ƙirgawa.

35/
Fitilun caji masu araha ma kafasita ce a cikinsu, mai ja ko ruwan ƙasa, tana rage wutar soket don cajin ɗan batir mai bolt 4. Da yawansu ba su da abin da ke yanke caji in batir ya cika, shi ya sa in kana barin ta kwana a soket ba ta daɗewa.

Gargaɗi: kada ka taɓa cikinta tana jone da wuta. Kafasitar tsohuwar talabijin ko maikurowef kuwa tana iya kisa ko an cire filogi.

36/
Kada wani ya ce sai mu marasa wuta ake yaudara. A Agustan 2006 wani kamfani a Dublin ta ƙasar Ailan mai suna Steorn ya sayi talla a mujallar The Economist, ya ce na'urarsa Orbo na ba da makamashi fiye da wanda take ci. Nunin da ya shirya a Landan a 2007 aka soke shi, wai zafin fitilu ya ɓata na'urar.

37/
Kamfanin da kansa ya tara masana 22 su yi hukunci. A Yunin 2009 bakinsu ya zo ɗaya: ba a nuna musu wani ƙarin makamashi ba. Miliyoyin kuɗin masu zuba jari sun tafi, kamfanin daga baya ya rushe. Masu digiri da kwat ma kwaɗayi na kai su inda ya kai mai tura dubu biyar ta waya.

38/
Mu dawo Wudil. Wani abokina ɗalibin injiniya a jami'armu ta kimiyya da fasaha, wadda aka buɗe a 2001, muke ce mata KUST kafin a sa mata sunan Aliko Dangote, ya ara min sufa-kafasita mai farad 1 da maltimita. Resista da LED kuwa wajen mai gyaran rediyo na samo, bai ma karɓi kuɗina ba, ya ce in dai karatu ne.

39/
Muka cika ta da ƙaramin fawa-bank. Da ƙaramar resista LED ta haska tar, ƙanena ya yi tsalle. Kafin ya gama kiran abokinsa ya zo ya gani ta dushe. Muka sake cikawa, muka sa babbar resista, muka ajiye a lungun ɗaki. Dare na uku tana nan kamar idon kyanwa a duhu. Ya ce, "Yaya ka gani ko! Gaskiya mutumin ya faɗa!"

40/
Na miƙa masa littafinsa na lissafi na ce karanta min layi ɗaya da ita. Ya kai takardar har tana taɓa ƙwayar, ya juya ta, ya murtsuke ido. Can ya ce, "Wannan ai ko mai shayi ba zai saya ba."

Na ɗauki hoton ta da wayata na nuna masa. A hoton kamar tauraro. Ya yi shiru. Kuɗinsa dai suna nan, ya yi rajistarsa.

41/
Ga tambayoyin da za ku yi wa duk mai irin wannan da'awa:

a) Farad nawa, bolt nawa? Ku yi lissafin jul da kanku.
b) Da me aka cika ta tun farko?
c) LED ɗin amfiya nawa take ci? A sa mita a gani.
d) Bolt ɗin kafasitar nawa ne a farko, nawa ne a ƙarshe? In yana sauka, randa ce ke ƙarewa, ba wani sirri.

42/
e) Za a iya karanta jarida da hasken, da idon mutum ba na kamara ba?
f) Zai yarda ka kawo naka ƙwan da taka kafasitar, a haɗa a gabanka, a kan tabarma a tsakar gida nesa da soket?
g) Shi da kansa ya daina sayen fetur da biyan kuɗin caji?

In ya fara "sirri ne," ko "manyan kamfanoni na neman kashe ni," ko "tura kuɗi tukuna," ka riƙe aljihunka.

43/
Ba ina kashe wa kowa gwiwa ba ne. Yaron da ke kwance tsohuwar rediyo yana haɗa LED a kan kwali shi ne injiniyan gobe, kuma da yawan masu irin wannan bidiyo a garuruwanmu ba mayaudara ba ne, abu suka gani ya ba su mamaki ba wanda ya zauna ya yi musu bayani. Dariya ba ta gyara su. Maltimita da awa ɗaya na bayani sun fi.

44/
Kuma sufa-kafasita na da amfaninta na gaske. Tana cika cikin daƙiƙoƙi, tana jure caji da saukewa sau dubban ɗaruruwa, inda batir zai gaji tun da wuri. Haɗa ta da ƙaramin faifan sola, ka samu ɗan hasken alama na bakin ƙofa ko hanyar banɗaki da zai yi shekaru. Nan rana ce ke cika randar kullum, rana kuwa ba mu da ƙarancinta a Wudil.

45/
Ɗaliban jami'a da na kwalejin fasaha da ke garin nan, in kun haɗa abu ku yi irin na Banu Musa: ku zana tankin. Ku rubuta farad, bolt, amfiya da awannin da ya yi, ku bari wani ya maimaita a ɗakinsa. Aikin da ya jure awon wani shi ake saka wa kuɗi.

46/
Duk wanda ke da irin wannan bidiyo a wayarsa ya ajiye shi a ƙasa, tare da lambobin da ke rubuce a jikin kafasitar in ana gani, mu yi lissafin tare. Ku kuma tura zaren nan guruf ɗin gidanku kafin wani ƙanin ya tura kuɗin jarrabawarsa.

Allah Ya ba mu wuta mai ɗorewa.